Yaronki ya fara busa kilarinet? Ga yadda za ki zaɓa masa rid mai kyau

Uwargida, idan makarantar su yaronki tana da ƙungiyar badujala ko ajin koyon kiɗa, kuma rabonsa ya faɗa kan kilarinet, to ki shirya, domin kafin zangon karatu ya ƙare malami zai aiko miki da saƙo cewa a sayo rid. Za ki shiga shago ko ki buɗe wayarki ki ga kwalaye iri-iri, wani shuɗi, wani ruwan lemo, kowanne da lamba a jikinsa, farashi kuma ya sha bamban. Mai shago zai tambaye ki wanne kike so, ke kuwa ba ki taɓa riƙe abin busar ba ma.

Kada ki raina wannan ɗan abu saboda ƙanƙantarsa. Akwai yaran da ke ajiye kilarinet tun a watannin farko suna cewa ba za su iya ba, iyaye kuma su ɗauka yaro ne ba shi da baiwa, alhali matsalar tana jikin ɗan guntun karan da aka ɗaura masa. Rid ɗin da ya fi ƙarfin bakin yaro yakan sa ya yi ta fama, leɓe ya yi ciwo, sauti kuma ya ƙi fita. Ga kuɗin da kika zuba wajen saye ko hayar abin busar, ga kuma zuciyar yaro da ta karaya a banza.

Abin daɗin shi ne ba sai kin iya kiɗa za ki taimaka ba. Idon da kike zaɓar atamfa da shi da kunnen da kike gane kukan jaririnki da shi sun isa, muddin kin san abin da za ki duba.

Mene ne rid, kuma daga ina yake zuwa?

Kilarinet doguwar abin busa ce, galibi baƙa, mai ramuka da maɓallan ƙarfe. Ana danganta ƙirƙirarta da wani maƙerin kayan busa mai suna Johann Christoph Denner a birnin Nuremberg na ƙasar Jamus, wajen shekarar 1700. A samanta akwai kan busa, wato ɓangaren da yaro ke sawa a baki. A jikin wannan kan ake ɗaura rid da wani maɗauri na ƙarfe ko na fata mai kusoshi.

Shi rid ɗan siririn kara ne da bai wuce tsawon santimita 7 ba. Gindinsa yana da kauri da ɓawo mai sheƙi, daga nan an fere shi yana ta sirancewa har zuwa bakinsa, inda kaurinsa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Idan yaro ya hura iska, wannan siririn baki ne ke karkarwa da sauri, yana buɗewa yana rufewa a kan kan busa, daga nan sauti ke samuwa. In kika cire rid, kilarinet ta zama bututu kawai.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Algaitar fada ma da ɗan harshe take magana, sai dai nata biyu ne suna bugun juna, na kilarinet kuwa ɗaya ne. Wadda ta tashi a karkara za ta tuna yadda yara ke tsaga ɗan harshe a jikin karan dawa bayan girbi su yi ta busawa. Asalin aikin ke nan.

Ana yin rid da wani kara mai kama da gora, wanda masana tsirrai ke kira Arundo donax. Wanda ya fi suna shi ne na yankin Var da ke kudancin Faransa, kusa da Bahar Rum, ana kuma noma shi a Sifen da Ajantina. Karan yakan yi shekara biyu a gona kafin a sare shi da sanyi, a shanya, a kuma ajiye shi ya ƙara tsumuwa na tsawon lokaci kafin inji ya yanka shi. Tunda tsiro ne, ba a samun biyu da suka zama ɗaya sak. Kamar rake ne: gona ɗaya, amma wata gaɓa ta fi wata. Shi ya sa a kwali mai guda goma za ki samu waɗanda suka yi daɗin busa sosai, da masu dama-dama, da ɗaya ko biyu da ba su da kirki. Wannan ba ha'inci ba ne, halin kara ne.

Abu na farko: karanta jikin kwali

Kafin lamba, ki tabbatar da irin abin busar. Kilarinet iri-iri ce, akwai ƙarama, akwai babba mai kaurin murya, kuma kowacce da girman rid ɗinta. Wadda aka fi bai wa 'yan koyo a makarantu ita ce wadda za ki ga an rubuta Bb Clarinet a jikin kwalin rid ɗinta. Ki nemi wannan rubutu. Rid ɗin sakisofon yana kama da shi a ido, amma ba ya maye gurbinsa, kuma a shagon da ake sayar da kaya barkatai abu ne mai sauƙi a miƙo miki shi. Akwai kuma wanda aka yanka don kilarinet irin ta Jamusawa, wanda bai dace da kan busar da aka saba gani a sauran ƙasashe ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ki ɗauki hoton tsohon kwali ko bayan tsohon rid a wayarki ki nuna wa mai shago.

Sai lamba. Lambobin sukan fara daga 1 ko 1.5 su kai 5, ana hawa da rabi-rabi. A nan iyaye suka fi ruɗewa, domin mun saba da cewa babbar lamba ita ce mai daraja. Lambar rid ba makin inganci ba ce, ma'aunin tauri ce. Rid mai lamba 2 da mai lamba 4 na samfuri ɗaya yanka ɗaya aka yi musu, kauri ɗaya, sai bayan an gama ne inji ke lanƙwasa bakin kowanne ya auna yadda yake turjiya, a ba shi lamba. Wanda ya fito daga kara mai tauri shi ke samun babbar lamba.

Yaron da ya fara koyo bai riga ya gina naman da ke kewaye da leɓɓansa ba, kuma bai saba da sarrafa numfashi ba. Saboda haka malamai sukan fara da lamba 2, wasu 2.5, ƙaramin yaro sosai kuma 1.5. Idan kika sayo masa lamba 3.5 don kina so ya samu mafi kyau, kamar kin bai wa ɗan shekara tara tulun da ya fi ƙarfinsa ne kika ce ya je rijiya.

Ki kuma sani cewa lambar wani kamfani ba daidai take da ta wani ba. Sunaye biyu za ki fi cin karo da su. Akwai Vandoren, kamfanin Faransa da aka kafa a Paris a 1905, mai shuɗin kwali. Akwai Rico na Amurka mai kwali ruwan lemo, wanda yanzu yake ƙarƙashin kamfanin D'Addario. Masu busa sun daɗe da sanin cewa shuɗin kwalin ya fi na ruwan lemon tauri da kusan rabin lamba. Wato yaron da ya saba da Rico 2.5, in za a sauya masa zuwa shuɗin kwalin Vandoren, a fara da 2. Kamfanin Vandoren yana kuma da wani samfuri mai suna Juno da aka yi musamman don 'yan koyo.

Kan busa ma yana da ta cewa. Idan tazarar da ke tsakanin bakin rid da bakin kan busa tana da faɗi, rid mai laushi take so, in kuma ƙarama ce tana ɗaukar mai ɗan tauri. Kan busar 'yan koyo da aka fi sani, irin su Yamaha 4C, suna tafiya daidai da lamba 2 ko 2.5. Don haka in malami ya faɗi lamba, ki bi maganarsa, shi ya ga kan busar kuma ya ji busar yaron.

Abin da idonki zai iya gani

Ki wanke hannu, ki zaro rid daga ɗan gidansa na roba ta wajen gindi. Kada ki taɓa bakinsa da yatsa, kada kuma ki gwada taurinsa da farce, nan da nan yake tsagewa.

Fara da bakin. Ya kamata ya zama da lanƙwasa mai santsi kamar farcen da aka yanke da kyau, babu ɓantara, babu tsaga. Tsagar da ba ta wuce silin gashi ba ta isa ta sa kilarinet ta riƙa tsuwwa.

Daga nan ki ɗaga shi saitin taga ko fitilar waya. Haske zai ratsa bakin da gefuna biyu saboda sirantarsu, a tsakiya kuma za ki ga inuwa mai duhu da ta yi tsini zuwa sama kamar tsororuwar ɗakin ciyawa. Masu busa suna kiran wannan wuri zuciyar rid. Abin da kike nema shi ne zuciyar ta zauna a tsakiya, hagu da dama su yi daidai. In ta karkata gefe guda, ɓangare ɗaya zai fi ɗaya tauri, busa kuma ta yi wuya.

A cikin hasken za ki ga wasu siraran jijiyoyi sun miƙe daga ƙasa zuwa baki. An fi son su miƙe sambal, su bazu ko'ina daidai, maimakon su cunkushe a gefe ɗaya su bar ɗayan fayau.

Launi mai kyau shi ne ruwan zuma mai haske ko ruwan ƙasa-ƙasa kamar busasshen kara. In ya yi kore-kore, alama ce karan bai gama bushewa ba. Amma ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa da ke jikin ɓawon gindi ba aibi ba ne, haka karan yake fitowa, kada ki jefar da rid saboda su.

Sai ki kwantar da shafaffen bayansa a kan madubi ko gilashi, ki ɗan danna gefen dama da na hagu a wajen gindi. In ya kwanta lif, madalla. In yana rawa kamar kujerar da ƙafarta ɗaya ta gaza, ya kantare, iska za ta riƙa zurarewa ta gefe.

Duk da haka, ido share fage kawai yake yi. Akwai rid ɗin da zai cika duk waɗannan sharuɗɗa amma ya ƙi daɗin busa, akwai kuma mai munin gani da zai ba da sauti mai daɗi. Wanda ya tsage ko ya ɓantare ne kaɗai za ki yar tun kafin a gwada. Sauran a bari a ji muryarsu.

A jiƙa, a ɗaura daidai, sannan a saurara

Busasshen rid ba ya aiki. A tsoma shi a ɗan kofin ruwa mai tsabta na minti ɗaya ko biyu. Masu busa da yawa da miyau suke jiƙa shi, amma ga yaro a gida ruwa ya fi, yana ratsa karan daidai kuma ya fi tsabta.

Wajen ɗaurawa ne yara suka fi kashe rid. Ki koya masa ya fara zura maɗaurin a kan busa a sassauce, sannan ya zura rid ta sama, gindi ne a gaba, shafaffen bayan yana manne da kan busa. In aka fara ɗora rid sannan aka kifa maɗauri, ƙarfen yakan ci bakinsa. A daidaita shi da manyan yatsu ta gefe, har bakin rid ya zo daidai da bakin kan busa, a bar wani siririn baƙin layi kamar silin gashi yana leƙowa ta sama. A ɗaure kusoshin daidai yadda rid ba zai motsa ba, ba a matse su kamar ana ɗaure tayar mota ba. Sau da yawa rid ɗin da aka ce ba shi da kyau karkacewa kawai ya yi a kan busa.

Yanzu ki zauna ki saurara. Ki ce ya busa sautin da ake fitarwa ba tare da an rufe rami ko ɗaya ba, wanda malamai ke kira G, ya ja shi na 'yan daƙiƙu. Sannan ya rufe ramuka ya sauka zuwa sautuka masu kauri.

Idan rid ya yi masa tauri, za ki ji hucin iska ya fi sautin yawa, kamar ana hura wuta. Sautin zai yi jinkirin fitowa, kumatu su kumbura, jijiyar wuya ta miƙe, ya gaji cikin 'yan mintuna, wani ma ya ce yana jin jiri. Ki duba cikin leɓensa na ƙasa. Mai busa kilarinet yana ɗora haƙoran sama a kan busa, ya lulluɓe na ƙasa da leɓe. In rid ya yi tauri yaro yakan cije don ya tilasta masa, sai ki ga shatin haƙora ko ɗan rauni a wurin.

Idan kuma ya yi laushi da yawa, sautin zai fito da sauƙi amma siriri, mai zizar ƙudan zuma. Da ya ƙara iska ko ya hau sautuka na sama sai rid ya manne da kan busa, sauti ya ɗauke ko ya faɗo ƙasa da inda ya kamata.

Wanda ya dace shi ne wanda ke amsawa da zarar an hura, sautin ya fito a cike, yaro ya iya busawa a hankali ya kuma iya ɗaga murya, fuskarsa a sake. Ki tambaye shi wanne ya fi masa daɗi, domin bakinsa yana jin abin da kunnenki ba zai ji ba.

Tsuwwa kuwa, wato wannan ƙara mai tsini da ke sa kowa toshe kunne, ba kullum laifin rid ba ne. Yatsan da bai rufe rami da kyau ba yana jawo ta, haka cusa kan busa cikin baki fiye da kima. Hanyar ganewa ita ce a sauya rid. In ta daina, an gano mai laifi. In ta ci gaba da kowane rid, a sanar da malami, wataƙila yatsu ne, wataƙila kuma wani maɓalli ne ke zubar da iska.

Ƙarin lamba ba gasa ba ce. Kada yaro ya matsa miki don abokinsa yana busa lamba 3. Lokacin hawa yana zuwa ne idan duk rid ɗin da ke kwali ya fara yi masa laushi, galibi bayan watanni ana busa a kai a kai, kuma da rabin lamba ake hawa, da shawarar malami.

Yadda kwali ɗaya zai daɗe

Sabon rid yana son a bi shi a hankali. A kwanaki uku ko huɗu na farko a busa shi minti biyar zuwa goma kawai a ajiye. Karan yana shan ruwa yana bushewa har ya saba, kuma wanda ya yi gardama ranar farko yakan gyaru a rana ta uku. Kada a yanke masa hukunci da wuri.

A buɗe guda uku ko huɗu a lokaci ɗaya, ki rubuta musu 1, 2, 3, 4 da fensir a bayan gindi, yaro ya riƙa juya su kullum. Kowanne zai samu hutun bushewa, kuma ranar da ɗaya ya karye ana gab da faretin makaranta akwai waɗanda suka riga suka saba. Yaron da ya manne wa rid ɗaya tilo bakinsa yakan bi shi yana laushi, ranar da aka ba shi sabo sai ya ji kamar katako.

Bayan busa, a cire rid daga kan busa, a ɗauraye shi, a share ruwan a hankali daga gindi zuwa baki, a mayar da shi gidansa ko cikin akwatin rid mai shafaffen ciki. A sa wa kan busa hularsa duk lokacin da aka ajiye kilarinet, ko da na minti ɗaya ne, domin gogar riga ko mayafi kaɗai ta isa ta ɓantare bakin rid.

Yanayi ma yana taɓa shi. An yi wannan kara a ƙasashe masu ɗan danshi, saboda haka in kina zaune inda ake hunturu mai bushewa, za ki ga rid yana bushewa da sauri har bakinsa ya yamutse kamar gefen ganye. Wannan ba mutuwa ba ce. A ƙara masa lokaci a ruwa, a kwantar da bakin a kan gilashi a danna da babban yatsa a hankali, zai miƙe. Ajiye gidajen rid cikin ƙaramar leda mai zif yana rage saurin bushewar. Da damina kuwa akasin haka ake yi: a bar shi ya sha iska ya bushe kafin a rufe, in ba haka ba fumfuna ta kama shi. Kada a bar jakar kilarinet cikin mota a rana.

Rid ɗin da ake busawa kullum yakan yi mako biyu zuwa huɗu, in ana juya su kuma a fi haka. Alamar ya gama aiki ita ce sautin ya dushe, bakin ya yi laushi kamar jiƙaƙƙiyar takarda, ko launinsa ya dafe.

Maganar lafiya

A nan zan yi magana da bakin aikina na jinya. Rid abu ne mai ƙananan ƙofofi kamar soso, yana shan miyau, ana kuma rufe shi cikin jaka mai ɗumi. Wuri ne da ƙwayoyin cuta da fumfuna ke so.

Doka ta farko: ba a aron rid, ko tsakanin wa da ƙane. Mura, ciwon maƙogwaro, hangum, da ƙurajen nan masu ruwa da ke fitowa a gefen leɓe bayan zazzaɓi, duk suna iya bin miyau daga wannan baki zuwa wancan. In kilarinet ɗin ta makaranta ce da yara ke karɓa-karɓa, ki yi ƙoƙari yaronki ya mallaki kan busarsa da rid ɗinsa, ki rubuta sunansa a gidansu. In kuma ta hannu kika saya, ki zubar da duk rid ɗin da kika tarar a jakar, ki wanke kan busar sosai.

Yaro ya kurkure baki kafin ya fara, musamman bayan cin abinci, alewa ko shan lemon kwalba. Ɓurɓushin abinci da sukari suna toshe ƙofofin kara, suna kuma ciyar da ƙwayoyin cuta. Lokacin sanyi da leɓe ke tsagewa, a goge man leɓe kafin busa, a sake shafawa bayan an gama.

Da kin ga baƙin ɗigo ko kore a shafaffen bayan rid, ko kika ji yana wari, ki jefar da shi, kada ki tsaya kankarewa. Haka in yaro ya tashi daga ciwon maƙogwaro ko ƙurajen leɓe, a sauya waɗanda ya yi amfani da su. Kada a wanke rid da bilic ko maganin goge ƙasa, karan zai shanye shi ya mayar bakin yaro. Rid ɗin da ya tsage kuma yana iya yankar harshe ko leɓe.

A wanke kan busa sau ɗaya a mako da sabulu da ruwa mai ɗan ɗumi. Ruwan zafi yana ɓata launinsa, yana iya kantarar da shi. Cikin kilarinet kuma a zura tsumman nan mai igiya bayan kowace busa don ya tsane danshi. Wannan ba tsirfa ba ce. A 2016 mujallar likitoci ta Birtaniya mai suna Thorax ta wallafa labarin wani mutum mai shekara 61 da ya rasu da ciwon huhu, wanda aka danganta da fumfunar da ta taru cikin abin busarsa, irin mai jakar iska na mutanen Sukotland. Irin wannan ba kasafai yake faruwa ba, kuma tsabta ce rigakafinsa. Amma in yaro yana busasshen tari ko sarƙewar numfashi da ke ƙaruwa a kwanakin da yake busa, ya kuma lafa lokacin hutu, ki kai shi asibiti ki faɗa wa likita cewa yana busa. Haka nan in leɓensa na ƙasa yana ja da ƙaiƙayi duk lokacin da ya yi busa, akwai masu fatar da ba ta jituwa da karan kansa.

Ki kuma hana shi yawo ko wasa da kilarinet a baki. Ture ɗaya daga ƙanensa ya isa ya taɓa haƙori ko ganɗa.

Rid na roba, da batun kuɗi

Akwai rid ɗin da ba na kara ba, wanda ake yi da wata irin roba. Wanda ya fi suna shi ne Légère na ƙasar Kanada. Ba ya bukatar jiƙo, hunturu da damina ba sa canza shi, ana wanke shi da sabulu, kuma yakan yi watanni. Kuɗin guda ɗaya yana kusa da na kwali guda na kara, bakinsa kuma yana iya karyewa in aka buge shi. Don haka ga yaron da har yanzu yake karya rid duk mako, kara mai sauƙin kuɗi ya fi. Idan hannunsa ya nutsu kuma an tabbatar da lambarsa, na roba yana da amfani, musamman ga mai fareti a waje cikin rana da ƙura, ko mai fatar da ba ta son kara.

A karon farko kada ki sayi kwali mai goma. Ana samun fakiti mai guda uku, wasu shaguna kuma suna sayar da ɗai-ɗai a rufe cikin ledarsu. Ki ɗauki 'yan kaɗan na lamba 2 da na 2.5, a gwada, sannan ki sayi kwalin wanda ya dace. Iyaye biyu ko uku da yaransu ke busa lamba ɗaya suna iya haɗa kuɗi su raba kwali tun yana sabo.

Ki yi hattara da araha mai yawa a kasuwar intanet. Ana buga jabun manyan sunaye, har kamfanin Vandoren da kansa yana gargaɗi a kai. Nasa na asali kowane rid yana zuwa a liƙe cikin ledarsa. Akwai kuma marasa suna da ake sayarwa da arha, waɗanda lambar jikinsu ba ta da tabbas, ɗaya laushi ɗaya katako. Bahaushe ya ce araha ba ta ado, a nan kuwa abin da take ci shi ne ƙwazon yaro.

Don haka ranar da ya shigo ya ajiye jaka ya ce shi ya gaji da wannan abu, kada ki yi saurin yi masa faɗa, kada kuma ki yi saurin yarda cewa ba zai iya ba. Ki ce ya kawo rid ɗin. Ki duba lambarsa, ki ɗaga shi a haske, ki leƙa cikin leɓensa, ki jiƙa masa sabo mai laushi ya sake gwadawa a gabanki. In har sautin ya fito, za ki gani a fuskarsa tun kafin ya buɗe baki ya faɗa miki. Allah ya raya mana su, ya yi musu albarka.